Black Joke: jirgin bayin da ya koma farautar jiragen bayi

A ranar 6 ga Satumba 1827 jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Sybille ya tare wani jirgin Burazil a tekun da ke gaban Legas. Sunan jirgin Henriqueta, kuma mutum 569 ne a cikinsa, maza da mata da yara, za a kai su kasuwar bayi ta Bahia a Burazil. Tsawonsa ƙafa 90 ne da ɗoriya, faɗinsa ƙafa 26. Duk wanda ya taɓa auna fili zai iya ƙiyasta yadda aka cusa mutum ɗari biyar da sittin da tara a wuri kamar wannan, ga tulunan ruwa, ga abinci, ga ma'aikata. Wannan ce tafiyarsa ta bakwai. A tafiye-tafiye shida da ya yi tun daga 1825 ya sauke mutum 3,040 a Burazil, babu wanda ya iya kama shi.

Mai jirgin wani attajiri ne na Bahia, José de Cerqueira Lima, ɗaya daga cikin manyan fataken bayi na garin. Masana sun fi karkata ga cewa a Baltimore ta Amurka aka ƙera jirgin wajen 1824, domin ƙirarsa irin ta can ce: siririn jiki, goshi mai tsini, ginshiƙai biyu dogaye da suka ɗan kwanta baya, da yadudduka masu faɗi da ke kama iska ko da 'yar kaɗan ce. Maƙeran Baltimore sun gwanance da wannan ƙira ne a yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya, lokacin da jiragensu ke sulalewa ta tsakanin jiragen Ingila. Da yaƙi ya ƙare sai suka sami sababbin masu saye, wato fataken bayi na Burazil da Kyuba, waɗanda ba su da bukatar da ta wuce gudu.

Aka kai Henriqueta Freetown ta Saliyo, kotu ta ƙwace shi, aka sa shi a gwanjo a farkon Janairun 1828. Wanda ya saya shi ne wanda ya kama shi, Francis Collier, shugaban rundunar jiragen Birtaniya da ke sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Ya canza masa suna zuwa Black Joke, ya ɗora masa igwa, ya zuba masa sojoji daga Sybille, ya mayar da shi tekun da ya fito.

Dokar da ake aiki da ita

Ba za a fahimci abin da wannan jirgi ya yi ba sai an san irin igiyar da ke wuyan rundunar. Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta fataucin bayi a 1807, bayan ta shafe fiye da ƙarni guda tana kan gaba a cikinsa. Daga 1808 ta fara aika jirage gaɓar Afirka. Amma dokar Birtaniya ba ta hau kan ɗan Fotugal ko ɗan Sifaniya ba, don haka sai da aka bi kowace ƙasa da yarjejeniya. Ta Fotugal da ta Sifaniya an ƙulla su a 1817, har Birtaniya ta biya Sifaniya fam 400,000. Ta Burazil ta zo a 1826, da sharaɗin cewa haramci gaba ɗaya zai fara a Maris 1830. Kafin nan 'yan Fotugal da 'yan Burazil suna da damar sayen mutane a kudancin layin ikwaita, a arewacinsa ne aka hana. Jiragen Bahia suka samo dabara: a takarda za su je Molembo, can kudu kusa da bakin kogin Kwango, amma a zahiri Wida (a Jamhuriyar Benin ta yau) da Badagiri da Legas suke dosa, domin a nan ne tabar Bahia ke da kasuwa.

Mafi muni a cikin sharuɗɗan shi ne ba a kama jirgi sai an sami bayi a cikinsa, ko an kawo hujjar cewa ya ɗauke su a wannan tafiyar. Sojan ruwa zai hau jirgi ya tarar da sarƙoƙi da mari, da katakon shimfiɗa bene na biyu a ƙasa, da manyan tukwanen dafa abincin mutum ɗari biyar, da ruwan da ya fi ƙarfin ma'aikata talatin, amma tilas ya sauka ya bar shi. Fataken suka gane haka. Sai su ajiye jirgi a tasha wata biyu ko uku babu kowa a ciki, mutanen suna tsare a shingaye a bakin gaɓa, ranar da aka ga jirgin sintiri ya yi nisa a kwashe su da kwale-kwale cikin 'yan sa'o'i, a ɗaga anka da dare. Daga nan magana ta koma ta gudu. Jiragen da ke ɗauke da tutar Amurka ko ta Faransa kuwa ba a da ikon bincikarsu ko kaɗan.

A fagen gudun ne rundunar take baya. Hukumar sojan ruwa ta Landan takan turo ko dai tsofaffin manyan jiragen da suka rage daga yaƙin Napoleon, ko ƙananan jirage masu igwa goma waɗanda su kansu matuƙan suka laƙaba wa sunan akwatin gawa saboda yawan nutsewarsu. Shi kansa Sybille jirgin Faransa ne da aka ƙwace tun 1794. Yana da sauri daidai gwargwado, amma girmansa ba ya barinsa ya shiga bakin koguna, kuma ana hango ginshiƙansa daga nesa. Collier tsohon hannu ne, yana yaro ya yi aiki a ƙarƙashin Nelson, shahararren jagoran sojan ruwan Birtaniya, bai kuma ɓata lokaci yana jiran Landan ta turo masa jirgin da ya dace ba. Mugu shi ya san makwancin mugu, in ji Bahaushe. Wanda ya riƙe rundunar kafinsa, Charles Bullen, ya riga ya gwada wannan hanya da wani jirgin bayi da aka saya aka mayar ɗan sintiri, mai suna Hope.

A takarda Black Joke ba jirgi ne mai cin gashin kansa ba. Ɗan aiken Sybille ne, da izinin Sybille yake tare jirage, duk abin da ya kama kuma a sunan Sybille ake rubutawa. Wannan yana da muhimmanci saboda kuɗi. Gwamnati tana biyan lada a kan kowane mutum da aka sauke da rai a Freetown, fam 10 daga 1824, aka rage zuwa fam 5 a 1830, a raba tsakanin ma'aikata gwargwadon muƙami, shugaban runduna yana da kasonsa mai tsoka. Saboda haka sayen da Collier ya yi jari ne, ba sadaka ba. Wannan bai rage darajar aikin da jirgin ya yi ba, amma wanda zai ba da labarin ya ɓoye zancen lada bai faɗi gaskiya duka ba.

Makaminsa igwa ce guda ɗaya doguwa, mai harsashi mai nauyin laba 18, an kafa ta a tsakiyar jirgi a kan dandamali mai juyawa yadda za ta fuskanci kowane ɓangare. Daga baya aka ƙara masa wata gajeriya. Mutanensa ba su cika wuce hamsin da 'yan kai ba, a cikinsu akwai Kurawa, wato mutanen ƙabilar Kru na gaɓar Laberiya ta yau, waɗanda ake ɗauka aiki a Freetown tare da shugabansu. Su ke tuƙa kwale-kwale ta cikin igiyar ruwan bakin gaɓa, su ke shiga koguna inda zazzaɓi ke kashe Bature. A rajistar jirage ba a rubuta sunayensu na gaskiya, sai laƙabin ban dariya da matuƙan Ingila suka ga damar ba su.

Shekarar farko

Laftanan William Turner ne ya fara riƙe jirgin. Mako guda da gwanjo, a ranar 12 ga Janairu 1828, aka kama jirgin Sifaniya Gertrudis da mutum 155. A Afrilu ya yi musayar wuta ta kusan sa'a biyu da wani jirgin Sifaniya mai igwa 14, Providencia, har wancan ya sauke tuta, amma da aka bincika babu bayi a ciki sai aka sake shi. A Mayu ya kama Vengador da mutum 645, adadin da ba a taɓa samu a jirgi guda a wannan gaɓa ba kafin lokacin. Vengador ma ba baƙo ba ne a Freetown: an taɓa kama shi a 1826 da wani suna, kotu ta yi gwanjonsa, ya bi hannu zuwa hannu ya koma sana'arsa. Wato gwanjon da ya ba Collier jirgi shi ne yake mayar wa fatake nasu jiragen da araha.

A Agusta ya yi karo da Presidente, jirgin 'yan farautar ganima na Buenos Aires, wanda ke fakewa da yaƙin da ake yi tsakanin Ajantina da Burazil yana ƙwace jirage a gaɓar Wida. An kama shi, aka gurfanar da mutanensa bisa zargin fashin teku, kotu ta sallame su. Turner ya sami ƙarin girma, a ƙarshen shekara Laftanan Henry Downes ya karɓi jirgin.

El Almirante

Faɗan da ya ɗaukaka sunan Black Joke shi ne na El Almirante. Jirgin Sifaniya ne na Havana ta Kyuba, ya fi Black Joke girma sosai, yana da igwa 14 da ma'aikata wajen 80. Kowa a gaɓar ya san abin da ya kawo shi Legas, an ma hau shi an duba, amma cikinsa fayau, babu hujja. Downes ya yi ta kai da kawowa a wajen ganin ido, yana jira. Kyaftin ɗin Almirante bai ɗauki jirgi mai igwa ɗaya ko biyu a bakin komai ba. A ƙarshen Janairun 1829 ya loda mutanensa ya fita.

Da asubar 31 ga Janairu aka hango shi. Iska ta yi rauni, yadudduka suka saki, sai Downes ya sa aka fito da dogayen itatuwan tuƙi. Jirgi mai nauyin tan ɗari biyu da wani abu ne, a ce mutum arba'in su tuƙa shi da ƙarfin damtse a ranar tekun Gini, sa'a bayan sa'a, tun safe har dare. Haka suka yi har suka cim masa bayan duhu ya shiga. Aka yi ta harbe-harbe cikin dare, Almirante yana juyowa yana sakin igwoyinsa na gefe guda gaba ɗaya, Downes yana kaucewa. Washegari da safe teku ta kwanta lumui, jiragen biyu suna kallon juna babu mai iya motsi, kowa ya huta ya gyara abin da ya karye. Sai bayan azahar iska ta taso.

A nan ne amfanin igwa mai juyawa ya fito. Igwoyin Almirante a jere suke a gefe biyu, ba sa harbi sai jirgin ya ba abokin gaba haƙarƙarinsa. Downes ya yi amfani da sauƙin juyawar jirginsa ya zagaya ya tsaya daidai bayan Almirante, inda babu bakin igwa ko ɗaya da ke kallonsa, ya dinga aika harsashi yana ratsa saman jirgin daga baya zuwa goshi. Cikin minti tamanin na faɗan kusa da kusa, an kashe mutum 15 a Almirante har da kyaftin ɗinsu, 13 sun ji rauni. A Black Joke mutum shida suka ji rauni, biyu daga ciki suka mutu daga baya. Bin sawun da aka yi kafin wannan faɗa ya ci sa'a 31. Mutum 466 aka samu a ƙasan jirgin.

Labaran da aka rubuta a Ingila sun tsaya ne a kan bajintar Downes, kuma bajinta ce. Aka ƙara masa girma, Collier ya ba shi kyautar wani mazubi da aka sassaƙa daga katakon Almirante aka yi masa ado da azurfa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin waɗancan 466 a tsawon sa'a 31 ɗin. An rufe musu ƙofar sama, suna ɗaure biyu biyu, ba su san waɗanda ke harbi ba, ba su san dalili ba, harsashi yana fasa katako a kansu, wasu ma a cikinsu wutar ta kashe. Duk lokacin da Black Joke ya yi nasara da igwa, akwai wannan lissafin a ƙasa.

Su wane ne a cikin jiragen

Jiragen da ke lodi a Legas da Badagiri da Wida a waɗannan shekaru suna kwasar mutanen da yaƙe-yaƙen cikin ƙasa suka zubo ne. Daular Oyo tana rushewa tun tawayen Ilori na 1817, yaƙin Owu ya biyo baya, Yarabawa suka zama mafi yawa a shingayen bakin teku. Daga arewa kuma, tun jihadin 1804, fursunonin yaƙi na kowane ɓangare suna gangarowa ta Nufe da Borgu da Oyo: Hausawa, Nufawa, Barebari. A Bahia an san Hausawa da suna, domin su suka jagoranci yunƙurin tawayen bayi na 1807 da wasu da suka biyo baya. Wani Babarbare mai suna Ali Eisami ya bar labarin yadda aka kama shi a Borno, aka bi da shi ta ƙasar Hausa har ƙasar Yarabawa, aka sa shi a jirgi a 1818, jirgin Birtaniya ya tare su ya kai shi Saliyo. Hanyar da ya bi ita ce hanyar da yawancin 'yan arewa da suka tsinci kansu a irin waɗannan jirage suka bi. Wata biyar kafin a kama Henriqueta, Hugh Clapperton, matafiyin da Birtaniya ta aiko, ya mutu kusa da Sakkwato, inda ya koma wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da zancen ciniki da na tsayar da sayar da mutane zuwa bakin teku. Zancen bai je ko'ina ba.

Kamun jirgi kuma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Doka ta ce sai an kai jirgin da mutanen cikinsa gaban kotun haɗin gwiwa ta Freetown, inda alƙalin Birtaniya ke zama da na ƙasar da jirgin ya fito. Daga Legas zuwa Freetown kuwa iska da ruwa duka suna gaba da matafiyi, tafiyar takan ci wata guda ko fiye. Sai a zuba ƙaramin hafsa da matuƙa goma ko sha biyu a jirgin da aka kama, su ja shi da mutum ɗari huɗu marasa lafiya, atini da agana da ciwon ido suna yawo a tsakaninsu. Kowace safiya ana jefa gawa. Wannan ne ya sa Birtaniya ta kafa sansani a tsibirin Fernando Po a 1827 da niyyar mayar da kotun can, Sifaniya mai tsibirin ta ƙi, aka watsar da shirin.

Wanda ya isa da rai sai a shigar da shi wani fili mai katanga da ake kira filin Sarki, a rubuta sunansa yadda kunnen magatakarda ya ji, da tsayinsa, da shekarunsa, da tsagar fuskarsa. Daga nan a ba shi takardar 'yanci. Gida dai ba a mayar da kowa. Maza masu ƙarfi wasu a sa su soja, yara a raba su ga gidaje da sunan koyon sana'a, sauran a kai su ƙauyuka irin su Regent da Kissy da Waterloo. A ƙidayar da aka yi a 1848 an sami Hausawa 657 a cikin waɗannan 'yantattu, Yarabawa kuma sama da dubu bakwai. A wurin irin waɗannan mutane ne ɗan mishan J. F. Schön ya fara koyon Hausa.

Shawara, da sauyin hannu

A Maris 1829 Black Joke ya kama Carolina da mutum 420. Daga nan annobar shawara ta faɗa wa rundunar. A wannan shekara kaɗai mutum 204 suka mutu cikin 792. Ba wanda ya san sauro ne ke kawo ta, ana ɗora laifin a kan tururin fadama. Tsoro ya kama mutanen Sybille har likitan jirgin, Robert McKinnal, ya cika kofi da baƙin aman wani mara lafiya ya shanye a gaban jama'a don ya nuna musu ba a ɗaukar cutar daga mutum. Bai kamu ba. Downes kansa ciwo ya mayar da shi Ingila. Jirgin ya ci gaba a hannun wasu: Laftanan Parrey ya kama Christina da mutum 348 a Oktoba, agana tana cin su, Laftanan Coyde kuma ya kama Manzanares da 354 a Afrilun 1830.

A 1830 Collier ya koma gida, John Hayes ya gaje shi da jirginsa Dryad, Black Joke ya zama ɗan aiken Dryad. Tare da shi akwai wani tsohon jirgin bayin da aka saya, Fair Rosamond. A Fabrairun 1831 aka kama Primero da mutum 311.

A ƙarshen Afrilun wannan shekara Laftanan William Ramsay ya tare Marinerito kusa da Fernando Po, yana fitowa daga kogin Kalaba da igwa biyar da ma'aikata sama da saba'in. Ramsay ya yanke shawarar ya rage harbi ya hau jirgin da takobi. Cikin duhu jiragen suka yi karo, ya yi tsalle da mutum goma ko makamancin haka, sai ƙarfin karon ya tura Black Joke baya, aka bar su su kaɗai a tsakiyar abokan gaba. Wani yaro ɗan koyon aikin hafsa mai suna Hinde, ɗan shekara 15, shi ya tara sauran suka tuƙo jirgin ya dawo, aka ɗaure jiragen biyu, sauran suka haura. Da aka buɗe ƙasan Marinerito mutum 496 ne, an rufe su tun farkon gudun babu iska babu ruwa. Mutum 26 suka mutu nan take, 107 kuma sai da aka sauke su a Fernando Po don ba za su kai Freetown ba, wajen 60 daga cikinsu suka rasu a can.

Kogin Bonny

Abin da ya faru a ranar 10 ga Satumba 1831 shi ne ya fi fallasa dokar. Black Joke da Fair Rosamond suna tsaron bakin kogin Bonny, a kudancin Najeriya ta yau, sai ga jiragen Sifaniya biyu, Regulo da Rapido, sun fito da lodi. Da suka hango masu sintiri sai suka juya suka koma cikin kogi, aka bi su. Kyaftin ɗin kowane jirgi ya san abu guda: idan aka same shi babu bawa a ciki, akwai damar ya tsira da jirginsa. Sai suka fara sauke mutane a kwale-kwale, da lokaci ya ƙure kuma suka shiga jefa su cikin ruwa, a ɗaure biyu biyu da mari a ƙafa. Mutanen Ramsay suna gani da idonsu daga nesa. Regulo ya maƙale a yashi aka same shi da saura mutum ɗari biyu da 'yan kai. Rapido kuwa ya riga ya zubar da kowa.

A kwanakin da suka biyo baya gawawwaki sama da ɗari suka taso a bakin kogin. 'Yan ƙalilan da aka tsamo daga ruwa da rai su suka ba da shaida a Freetown cewa daga Rapido aka jefo su, da wannan shaida kotu ta ƙwace jirgin. Ba don su ba da an sallame shi. A ganina babu wani kamu na Black Joke da ya kai wannan nauyi a tarihin aikinsa, ko da yake ba a yi masa zanen hoto kamar na Almirante ba. Sharaɗin da aka sa don kare dukiyar fatake daga kamun zalunci shi ne ya sa nutsar da mutum ya fi riƙe shi riba a sa'ar da aka hango tutar Ingila.

Daga Nuwamba 1830 zuwa Maris 1832 rundunar gaba ɗaya ta kama jiragen bayi 13. Goma sha ɗaya daga ciki Black Joke da Fair Rosamond ne suka kama, wato jirage biyu da ba hukumar Landan ce ta ƙera su ba, ba ita ta tsara sayensu ba. Kamun Black Joke na ƙarshe shi ne Frasquita, a Fabrairun 1832, da mutum 290.

Ƙarshensa da lissafinsa

Jiragen Baltimore ba a yi su don su daɗe ba. Mai jirgin bayi yakan mayar da kuɗinsa a tafiya ɗaya ko biyu, don haka ba ya damuwa da ingancin katako. Black Joke ya yi wajen shekara takwas a ruwan zafi, ya sha harsashi, ya sha tsutsar teku. Da Admiral Frederick Warren ya karɓi ragamar yankin sai ya sa aka duba shi, masu dubawa suka ce katakonsa ya ruɓe. Sayar da shi kuma na nufin a sake ganinsa a Legas da wata tuta. A watan Mayun 1832 aka kwashe kayansa aka cinna masa wuta a Freetown. Likitan Dryad, Peter Leonard, yana cikin waɗanda suka yi baƙin cikin haka, ya rubuta cewa wannan jirgi ya yi wa fataucin illa fiye da sauran jiragen rundunar a haɗe.

In aka tara adadin mutanen da aka samu a jiragen da ya kama, za a sami kusan 3,700, kuma sama da 3,000 daga ciki sun kai ga takardar 'yanci. In aka tara waɗanda ya ɗauka yana Henriqueta, 3,040 da ya sauke a Bahia da 569 na tafiyar ƙarshe, za a sami 3,609. Jirgin da ya fi kowane suna a tarihin rundunar ya yi shekara huɗu yana faɗa kafin ya biya bashin shekara biyu da rabi na kansa. Kuma a daidai waɗannan shekaru, 1826 zuwa 1829, shigar da bayi Burazil ya hau fiye da da, domin fatake suna rige-rigen cika gonaki kafin wa'adin 1830. Rundunar duka, daga 1808 zuwa wajen 1860, ta kama jirage kimanin 1,600 ta 'yanta mutum kimanin 150,000, alhali waɗanda aka ɗauka daga Afirka bayan 1807 sun kai wajen miliyan uku.

Gyaran da hafsoshi irin su Collier da Hayes suka yi ta roƙo ya zo ne bayan an ƙone jirgin. A 1835 Sifaniya ta amince a kama jirgi saboda kayan aikin da ke cikinsa, sarƙa da katakon bene da yawan ruwa, ko babu bawa ko ɗaya, ta kuma amince a farfasa duk jirgin da kotu ta ƙwace maimakon a yi gwanjonsa. Landan ta fara ƙera ƙananan jirage masu gudu don wannan aiki, daga baya masu tururi suka shigo. Fair Rosamond ya ci gaba da sintiri shekaru da dama. Kasuwar Bahia ba ta rufe ba sai da Burazil ta yi dokarta ta 1850, bayan jiragen Birtaniya sun fara shiga tashoshinta suna kamu. A Disamban 1851 jiragen wannan runduna suka yi wa Legas ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko suka mayar da Akitoye kan sarauta, a 1861 kuma Birtaniya ta karɓe garin ya zama mallakarta.